HANYAR MAI ƘAFA: ABIN DA MARAƊI ZA TA NEMA A YAMAI



Maganarmu ta yau ta hanya ce. Duk wanda ya zauna a bakin kasuwar Maraɗi ran Litinin ko ran Jumma'a ya ji ta. Mai amalanke yana yi, mai kabu-kabu yana yi, mai tallar fura tana yi. Kowa cewa ya ke: sai gwamnati ta ba gari kuɗi a gyara hanya. Mun yarda. Kuɗin da birni ke tarawa da kansa, na tikitin kasuwa da patanti da lanho, ba ya isa shimfiɗa kwalta, ba ya isa gina babbar magudanar ruwa. Babbar jaka tana Yamai, tilas a je can. Amma kafin a ɗauki takarda a yi tafiyar kilomita fiye da 600, akwai tambaya biyu da ya kamata kowane reshe ya iya amsawa. Kuɗin nan na wane ne? In kuwa ya zo, hanyar wa za a fara gyarawa?

KUƊIN NA WANE NE?

Wasu suna magana kamar bara za a je yi. Sai ka ji ana cewa Allah ya sa a tausaya mana, Allah ya sa a tuna da mu. Wannan harshe gadonsa mu ka yi, ya kamata mu san inda mu ka gaje shi.

A zamanin Nasara ƙasarmu tana cikin tarayyar da Faransa ta kafa a 1895, wadda a ke kira AOF, mai babban gwamna a Dakar. Dokar Faransa ta 1900 ta ce kowace ƙasar da a ke mallaka ita za ta ɗauki nauyin kanta. Daga 1904 kuma kuɗin kwastan ya koma jakar babban gwamna. Watau talaka ya biya lanho a ƙauyensu, ya biya kuɗin fito a kan gishiri da yadi, sa'an nan in ana son gada a Maraɗi sai kumandan ya rubuta wa gwamna, gwamna ya rubuta Dakar, Dakar ta duba ta ga ko da saura.

Hanyoyin da aka yi a lokacin, da me aka yi su? Da wuyan kakanninmu. Gardi ya zo gari, a ƙirga maza, a kora su bakin aiki da kwando da magirbi, su bar gona tana jiran noma. Ba lada, abinci ma sau da yawa daga gida a ke kai musu. Aikin tilas bai faɗi ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946 ta fito, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. A wannan wata ɗin aka kafa asusun FIDES, aka ce na raya ƙasashen mallaka ne. Amma hanyar da Nasara ke so ita ce wadda za ta fitar da gyaɗa zuwa bakin teku. Jirgin ƙasa ya zo Kano, ya zo Ƙauran Namoda a 1929, ya zo Nguru a 1930, duk a hannun Ingilishi. Faransa kuwa ta fi son gyaɗarmu ta bi ta Faraku zuwa Kwatano, don kada ta wuce ta ƙasar Ingilishi. Ran 3 ga Agusta 1960 da mu ka karɓi mulkin kai, ba a bar mana ko taku ɗaya na dogo ba, kwalta kuwa ba ta haɗa Yamai da Maraɗi ba.

Mun kawo wannan tarihi don abu guda. Wanda ya tsara hanya a wancan zamani buhu ya ke dubawa, bai dubi wanda ya noma abin da ke cikin buhun ba. Nasara ya tafi, amma in ba mu yi hankali ba idonsa yana nan a kan takardunmu.

Yau jakar tana Yamai, a hannun 'yan ƙasa. Me ke cika ta? Kwastan na Ɗan Isa, inda kaya ke shiga da fita tsakaninmu da Katsina. Harajin TVA, 19 cikin 100, wanda ke ɓoye cikin kuɗin kaya da yawa da mu ke saye a kanti. Kuɗin da kowace mota ke biya a shingen hanya. Harajin da ke cikin kowace litar mai. Matar da ta hau kabu-kabu ta biya. Tsohon da ya sayi buhun siminti ya biya. Saboda haka birnin da ya nemi kuɗin hanya a Yamai kayansa ya ke nema, kamar wanda ya zuba adashi ranar kwasarsa ta zo. A nema da ladabi, gama shugabanni ne. Amma a nema a tsaye.

KWALLIYA TA BIYA KUƊIN SABULU?

Ba mu ce ba a taɓa ba mu kome ba. Mai gaskiya ba ya ɓoye alheri. Bikin ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba, an yi ta zagayawa da shi gari gari, kowane gari da sunan shirinsa: Dosso Sogha a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. Kuɗi ya fito daga Yamai, an shimfiɗa kwalta a manyan hanyoyi, an kafa fitilu, an gyara gine-gine. Wanda ya san Maraɗi kafin 2015 ya ga bambanci, ba mu musu.

Amma aikin biki yana da halinsa. Ranar biki ba ta ɗagawa, don haka a kan yi shi da gaggawa. Hanyar da baƙi za su bi ita a ke fara yi, daga filin jirgi zuwa masauki, daga masauki zuwa dandalin fareti. Baƙi su kwana biyu su tafi. Mai gari ya rage da lungunsa yadda ya ke, yashi da rani, taɓo da damina.

Ran 30 ga Agusta 2024 ruwa ya yi mana tambaya. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Maraɗi, cikin 'yan sa'o'i hanyoyi su ka zama koramu, gidaje su ka faɗi, aƙalla mutum 15 su ka rasu. Allah ya jiƙansu. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe. A daminar nan kusan mutum 400 mu ka rasa a ƙasa duka, har Yamai kanta sai da ruwa ya yanke manyan hanyoyin shigarta. Ruwa na Allah ne, ba mai tsai da shi. Amma inda zai bi in ya sauka, wannan aikin mutum ne.

Maraɗi ma ta fi kowa sanin haka. Tsohon gari a kwarin Gulbi ya ke. Ambaliyar 1945 ita ta ci shi, aka tashe shi aka mai da shi kan tudu, aka yanka unguwanni da hanyoyi miƙaƙƙu. To, ruwan da ya sauka a kan tudu ina za shi? Gulbi za shi. Da, yashi da gonaki na shanye rabinsa. Yanzu gari ya yaɗu, ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da 267,000 a birnin, an kuwa ƙaru ƙwarai tun daga nan. Kowane rufin kwano da kowace kwalta suna hana ƙasa sha, suna ƙara wa ruwa gudu. Hanya miƙaƙƙiya mai gangara wadda ba ta da magudana korama ce mai jiran damina. Shi ya sa bakin tudun ke zaizayewa, rami yana cin gida bayan gida.

WA KE BIN HANYA?

Kowane ɗan reshe ya gwada wannan. Ya tsaya a bakin babbar hanya da hantsi ranar kasuwa, ya ɗebi tsakuwa. Mota ta wuce, ya sa ɗaya a aljihun dama. Mai tafiya a ƙasa ya wuce, ko mai jaki, ko mai amalanke, ko ɗan ga-ruwa da kurarsa, ko mai keke, ya sa ɗaya a aljihun hagu. Ba zai daɗe ba zai ga aljihun da ya fara nauyi.

Ga yaran lakwal da safe. Ga almajirai. Ga mata masu ɗauke da itace da nono daga ƙauye tun asuba. Ga mai ciki za ta awo. Ga makaho da ɗan jagora, ga gurgu a kekensa, ga tsoho za shi masallaci. Su ne masu gari, su ne mafi yawa. Amma in an zo auna hanya, sai a auna faɗin mota biyu, a zuba kwalta, abin da ya rage a gefe a bar wa yashi da shara. Mai ƙafa ya ga gefen ba ya biyuwa, sai ya hau kwalta. Kwalta sabuwa kuwa gudu ta ke ƙara wa direba. Nan a ke haɗuwa, wanda ba shi da ƙarfe a jikinsa shi ke faɗuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 hatsarin hanya ya kashe a shekarar 2021. Afirka ba ta da fiye da 3 cikin 100 na motocin duniya, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na gawarwakin nan nata ne. Mu ba mu bukatar lissafin Turai mu san wannan. Wace unguwa ce ba ta yi zaman makokin yaron da mota ko babur ya buge ba? A kan ce ƙaddara ce. Gaskiya ne, kowa da ranarsa. Amma wanda ya bar rijiya ba murfi a tsakar gida ba ya ɗora wa ƙaddara laifi.

Abin kuwa ƙaruwa zai yi. Babbar hanyar ƙasa ta 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Ƙonni ta nufi Damagaram da Diffa, ta gefen garinmu ta ke wucewa, hanyar Katsina kuma daga cikinsa ta ke fita. A watan Fabrairu 2021 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta ƙaddamar da aikin dogo na kilomita 284 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Ranar da jirgi ya fara sauke kaya a nan, manyan motoci ne za su kwashe su. In ba mu keɓe wa mai ƙafa wurinsa tun yanzu ba, ranar nan ba za a saurare mu ba.

ABIN DA ZA A RUBUTA A TAKARDA

Ga abin da mu ke so ya shiga duk takardar da birni zai kai Yamai, bi da bi, kada a juya jerin.

Na 1, magudanar ruwa. A fara da ita kafin kwalta. A bi ruwa daga inda ya ke taruwa har inda zai faɗa Gulbi, a ɗaure bakin ramukan da ke cin gari. Lambatun da ya ƙare a tsakiyar unguwa masifa ya ke tarawa ya kai wa na ƙasa. A cikin gari a rufe shi da murfin siminti wanda a ke iya ɗagawa a yashe. Murfin nan shi kansa hanya ne ga mai ƙafa, aiki ɗaya amfani biyu.

Na 2, gefen mai ƙafa. Duk hanyar da za a yi wa kwalta a cikin gari a yi mata daɓe hagu da dama, mai ɗan tudu yadda mota ba za ta hau ba, mai faɗin da mace mai goyo da kaya a ka za ta wuce wata ba su gogi juna ba. A bar gangara a kowace mahaɗa saboda keken gurgu da kurar ɗan ga-ruwa.

Na 3, wurin ƙetarawa. Ƙofar kowace lakwal, kowace kasuwa, asibiti, tasha da masallacin Jumma'a, a yi tudun rage gudu na ƙa'ida, a shafa fenti, a kafa fitila mai aiki da hasken rana. Farin zane kaɗai ba ya tsai da direba. Tudu ke tsai da shi.

Na 4, lungunan unguwa. Ba kowace hanya ke son kwalta ba. Tubalin siminti da mu ke kira pabe a nan gida a ke buga shi, samarin unguwa ke jera shi, in wuri ya lalace a cire a mayar ba sai an kira injin daga waje ba. Kuɗinsa a gari ya ke kwana. Mutanen Bagalam da Mokoyo da Zariya da Sura Bildi su ma 'yan birni ne.

Na 5, turbar ƙauye. Kasuwar birni ƙauye ke ciyar da ita. Turbobin da ke kawo gero da wake da kayan lambu daga kwarin Gulbi da garuruwan kewaye a zuba musu burji, a yi ƙaramar gada inda korama ke yankewa. Amalanken da ya kafe a taɓo, tumatirin da ke kansa ba ya jiran rani. Mai naƙudar da aka ɗauko a kansa ita ma ba ta jira.

Na 6, burtali. Dabba ma tana da hanyarta, ta kuwa girmi ta mota. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tabbatar burtali dukiyar jama'a ne, ba mai ikon nome shi ko sayar da shi. Amma birni yana yaɗuwa, ana yanka filaye, burtali yana shiga cikin fuloti. Garken da ya rasa hanyarsa zai bi ta gona ko ta kwalta, kowanne kuwa fitina ne. Mu mutanen wannan jiha ba mu manta da Toda ba, inda a watan Oktoba 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rai fiye da 100, mafi yawa mata da yara. A kafa turakun siminti a iyakar burtali, tun daga daji har kasuwar dabbobi da mashaya. Kuɗin turaku kaɗan ne in an gwada da abin da su ke tsarewa.

Na 7, inuwa. Mai mota yana da rufi, mai ƙafa ba shi da shi. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace ce a ƙasar nan. A sa dashe da kariya da ban ruwa na shekara biyu cikin kwangilar hanya, kada a sare dogon yaro mai shekara 40 a dasa tsiron da akuya za ta cinye kafin la'asar.

Na 8, kuɗin gyara. Hanya kamar ɗakin ƙasa ce, wanda bai yi yaɓe ba kafin damina zai yi gini bayanta. A rubuta tun farko wanda zai yashe lambatu kowace shekara kafin ruwan fari, da wanda zai cike rami tun yana kamar ƙwarya, da inda kuɗin zai fito.

A KAFA LISSAFI A BAKIN KASUWA

Saura magana guda, ita ce uwar sauran. Kuɗin da ba a san yawansa ba, ba a san ranar da ya ɓace ba.

A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a ƙasa duka, a 2008 aka kafa hukumar ANFICT don ta riƙa kai musu tallafin gwamnati, a 2010 doka ta ba Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram matsayin manyan birane. A watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa masu riƙo. Ko zaɓaɓɓe ke zaune a kujerar magajin gari ko naɗaɗɗe, haƙƙin talaka bai sake ba, gama lanhonsa bai sake ba. Inda ma babu kansilan da zai yi tambaya a zauren majalisa, nan ne ya fi wajaba a buɗe littafi a gaban jama'a.

Akwai kuma kuɗin waje. A 2022 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 250 don shirin PIDUREM na raya birane da tsare su daga ambaliya. Madalla da duk lambatun da aka gina da shi. Amma jama'a su sani, duk abin da ya ke bashi a cikin irin wannan kuɗi 'ya'yanmu ne za su biya. Wanda za a ci bashi da sunansa yana da ikon ganin takarda.

Don haka mu ke cewa: kowane aiki a kafa masa allo a bakinsa. A rubuta tsawon hanya, da kuɗinta, da sunan ɗan kwangila, da ranar farawa da ranar gamawa. A 2025 an rubuta a babbar takardar ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa. To, a fara da allon nan. A rubuta da boko, a rubuta da ajami, a karanta a rediyo, sanƙira ya faɗa ranar kasuwa. In an ce kaurin burji kaza ne, magina na unguwa su zo da ma'auninsu su gani. Ɗan kwangila mai gaskiya ba ya tsoron allo.

MASU CEWA BA LOKACINSA BA NE

Za a ce mana ƙasa tana fama da 'yan bindiga, soja na bukatar kuɗi, jaka ba ta da nauyi. Mun sani, 'ya'yanmu ne a bakin daga, mutanen Madarumfa da Gidan Rumji kuwa ba labari su ke ji ba. Amma wannan hujja tamu ce. Mai kuɗi da yawa shi ke iya yin ado. Wanda hatsinsa ya yi kaɗan, tuwon yara ya ke fara tuƙawa. Abin da mu ka jera a sama shi ne mai araha, shi ne kuma mai amfanar mutum mafi yawa. Gadar sama irin waɗanda aka gina a Yamai daga 2013 zuwa 2018 tana da ranarta. Ranar Maraɗi ta yau ta lambatu ce da daɓe.

Za a kuma ce laifinku ne, ku talakawa. A nan sai mu sunkuyar da kai, gama akwai gaskiya a ciki. Wa ke zuba shara da leda a lambatu? Mu ne. Wa ke kafa teburi a gefen hanya har mai wucewa ya rasa inda zai sa ƙafa? Ɗan'uwanmu ne. Wa ke tara yashi da tubali a tsakiyar lungu wata shida? Wa ya sayi fili a kan hanyar ruwa yana sane? Ba za mu nemi haƙƙi a Yamai mu tattake shi a gida ba. Ɗan reshen da rumfarsa ta ci hanya shi zai fara ja da baya, tun ba a ce masa ba.

Amma a rarrabe gyara da zalunci. A 2016 an rushe rumfuna da shaguna masu yawa a bakin hanyoyin Yamai, mutane da yawa su ka wayi gari ba wurin neman abinci. Mai tuyar ƙosai da mai shayi da mai facin taya ba abokan gaban hanya ba ne, su ma don su a ke yin ta. A nuna musu wuri kusa da masu saye kafin a ce su tashi. Wurin nan ma a sa shi cikin takarda.

AIKIN RASSA

Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Injiniyan da zai zo daga Yamai ya san lissafin siminti, amma bai san lungun da ruwa ke kai wa gwiwa ba, bai san kwanar da babur ya buge yara uku ba. Ku kun sani. Ga aikinku kafin ruwan fari:

Kowane reshe ya fitar da mutum biyar, a ciki lalle da mata biyu, gama su ne su ka fi kowa taka ƙasa. Su zaga unguwa da ƙafa. Su rubuta inda ruwa ke kwanciya, da inda rami ke cin gida, da inda aka taɓa buge mutum, da inda yara ke ƙetarawa, da inda burtali ya toshe. Tsawo a auna da taku. Kada a ƙara, kada a rage, kada a sa abin da ba a gani da ido ba. Ƙarya ɗaya tana ɓata gaskiya goma.

A karanta abin da aka rubuta a gaban mai unguwa da liman da dattawa, da sarkin kasuwa da shugabannin 'yan kabu-kabu da masu amalanke, da ardo inda akwai shi. Wanda ba namu ba ne a ra'ayi a kira shi, lambatu ba ya tambayar katin kowa. A zaɓi abu uku da su ka fi tsanani, a sa su a gaba. Sa'an nan a yi takarda uku: ɗaya a kai ma'aikatar magajin gari a karɓo shaidar an karɓa, ɗaya ta zauna a reshe, ɗaya a aiko mana. Mu kuwa za mu buga su a wannan takarda unguwa unguwa, bayan damina mu sake bugawa, a ga abin da aka yi da abin da aka bari.

Mun yi misali da Maraɗi, amma 'yan'uwa na Tawa da Damagaram da Ƙonni da Tasawa kada su ce ba da su a ke ba. Mutumin Zangon Damagaram da na Garin Malam ya san nasa ramin, kowa ya auna nasa.

Kakanninmu sun yi hanya da kwando a ka, ba a tambaye su inda za ta bi ba. Mu an haife mu 'ya'ya a ƙasarmu, kuɗin namu ne, ƙafar tamu ce. In an tashi rubuta takardar Yamai, mu kasance a wurin da tamu a hannu.

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, sa'an nan ya miƙa wa na kusa da shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da sharrin ruwa da na ƙarfe. Amin.